Agogon da ba ya tsayar da Jupyter: yadda za a riƙa karanta na'ura a bayan fage

Bilkisu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga wata matsala ina neman shawararku. An haɗa Arduino Uno, wato ƙaramin allon lantarki da ake saka wa kod, da na'urar DHT22 a ɗakin ajiyar hatsi, tana ba da zafi da danshi ta wayar USB. Ana so Python ta karanta ta duk bayan daƙiƙa 5, a kuma ci gaba da nazari da pandas, laburaren teburin bayanai, a cikin littafin Jupyter, inda ake rubuta kod a sel-sel ana danna kowane ya gudana. Abin da aka rubuta shi ne:

```
while True:
    karanta()
    time.sleep(5)
```

Karatun yana tafiya, amma sel ɗin ya maƙale da alamar tauraro, duk wani sel da aka danna sai ya bi layi ya yi ta jira. Yaya za a yi agogon ya koma gefe?

Nura: Wa alaikumus salam. `threading.Timer(5, karanta).start()` kawai. Layi ɗaya ne, kuma ba ya riƙe sel.

Injiniya Auwal: Nura, wannan sau ɗaya yake bugawa ya mutu. In ana so ya maimaita, dole `karanta` ta ƙirƙiri sabon Timer a ƙarshenta, kuma kowane Timer sabon zare ne (thread), wato aikin da ke tafiya a gefen babban shiri. A kwana ɗaya zare 17,280 ke nan. Kwamfuta za ta iya ɗauka, ba nan gizo ke saƙa ba. Matsalar ita ce tsayarwa. `cancel()` yana aiki ne a kan Timer ɗin da ke jira kaɗai, in kuma ka kira shi daidai lokacin da karatu ke gudana, sabon zai tashi a bayanka ba ka sani ba. Sannan in `karanta` ta ci karo da kuskure kafin ta kai layin da ke tayar da na gaba, sarƙar ta tsinke ke nan.

Akwai kuma wani aibi da ke cikin hanyar Malama Bilkisu da ta Nura duka: zamewar lokaci. A ce karatu yana cin daƙiƙa 0.3. In an gama sannan a jira 5, tazarar ta zama 5.3. A awa ɗaya maimakon karatu 720 za a samu 679. A kwana guda an yi asarar kusan 980. Kada a ƙirga jira daga inda aka gama aiki. A ajiye lokacin da ya kamata a yi karatu na gaba, a riƙa ƙara masa 5, a jira abin da ya rage kaɗai. Zare ɗaya ya isa:

```
import threading, time, queue, serial

TAZARA = 5.0
layi = queue.Queue()
tsaya = threading.Event()

def mai_karatu():
    with serial.Serial("COM3", 9600, timeout=1) as kofa:
        time.sleep(2)
        gaba = time.monotonic()
        while not tsaya.is_set():
            kofa.reset_input_buffer()
            kofa.write(b"R\n")
            layi.put((time.time(), kofa.readline()))
            gaba += TAZARA
            tsaya.wait(max(0, gaba - time.monotonic()))

zare = threading.Thread(target=mai_karatu, daemon=True)
zare.start()
```

Na ɗauka Arduino ɗin yana jiran harafin R kafin ya ba da amsa. In ba haka aka tsara shi ba, a gyara, domin ya fi a bar shi yana ta zubo layuka.

Bilkisu: Na gode Injiniya. Abu uku ban gane ba. Me ya sa agogo biyu, `monotonic` da `time`? Me ya sa `tsaya.wait` maimakon `sleep`? Sai kuma wancan `sleep(2)` na farko, ina ce shi muke gudu?

Injiniya Auwal: `time.time()` agogon bango ne. In kwamfuta ta daidaita lokacinta da intanet, ko wani ya gyara da hannu, zai iya tsalle gaba ko ya koma baya. In da shi kike lissafin jira, gyaran minti biyu baya zai sa zaren ya yi shiru minti biyu. `time.monotonic()` ba ya komawa baya, sai dai lambar da yake bayarwa ba ta da ma'ana a matsayin kwanan wata, bambancin kira biyu ne kaɗai ke da amfani. Don haka ɗaya na tsara jira ne, ɗaya na buga hatimin lokaci a kan karatu.

`tsaya.wait` kuwa barci ne mai sauƙin tashi. Da kin kira `tsaya.set()` daga wani sel, zaren zai farka nan take ya fita, ya rufe tashar, wato COM3 da ake magana da Arduino ta cikinta. Da `sleep` ne sai ya ƙarasa barcinsa. A daƙiƙa 5 ba wani abu ba ne, amma ranar da tazarar ta zama minti 10 za ki ga amfaninsa.

Na farkon kuma, Uno yana sake tashi daga farko duk lokacin da aka buɗe tashar, kuma yana buƙatar kamar daƙiƙa biyu kafin ya fara saurare. Duk abin da aka tura masa kafin nan ya bi iska. Tunda a cikin zaren bayan fage ake wannan barcin, bai taɓa littafinki ba.

Malama Hadiza: Injiniya, a gafarce ni, akwai ɓaraka a kod ɗin nan. In wani abu ya riƙe zaren na daƙiƙa 30, `gaba` zai kasance a baya da zango shida. Da ya samu sarari zai yi karatu shida a jere ba hutu don ya cim ma lissafi. DHT22 kuwa ba a karanta ta fiye da sau ɗaya a daƙiƙa 2. Laburaren Arduino da aka fi amfani da shi, in aka matsa masa kafin lokacin ya cika, tsohon karatun yake maidowa. Sai a samu layuka shida masu lamba iri ɗaya da lokuta kusa da juna, a zaci bayanai ne na gaske. Gara a tsallake abin da ya wuce:

```
gaba += TAZARA
while gaba <= time.monotonic():
    gaba += TAZARA
```

Giɓi a bayanai ana ganinsa, ana kuma iya bayaninsa a rahoto. Lambar da aka maimaita ita ce ke ɓata matsakaici ba a lura ba.

Injiniya Auwal: Gaskiyarki Malama. A saka shi.

Nura: To ni dai ban ga dalilin wannan `layi` ɗin ba. Me zai hana zaren ya riƙa zuba karatun kai tsaye cikin DataFrame, wato teburin pandas?

Malama Hadiza: Abu biyu. pandas bai yi alkawarin cewa zare biyu za su taɓa tebur ɗaya lafiya ba. Kana tsakiyar `groupby` a sel ɗinka, zaren ya ƙara layi, sai ko dai kuskure ya fito ko sakamakon ya zo a karkace. Na biyu, ƙara layi ɗaya-ɗaya a DataFrame yana kwafe teburin gaba ɗaya kowane karo, shi ya sa aka cire `DataFrame.append` a pandas 2.0 a 2023. Yin `concat` a cikin madauki ma ciwon ɗaya ne. `queue.Queue` an gina shi ne musamman don miƙa kaya tsakanin zaruruwa. Mai karatu ya ajiye, babban zare, wanda ke gudanar da sel, ya zo ya kwashe a lokacin da ya ga dama:

```
def kwashe():
    sabo = []
    while True:
        try:
            sabo.append(layi.get_nowait())
        except queue.Empty:
            return sabo
```

A tara abin da aka kwaso a cikin jeri na Python, a gina tebur daga gare shi sau ɗaya in za a yi nazari. Hatimin lokacin kuma a juya shi da `pd.to_datetime(..., unit="s", utc=True)`, sannan `tz_convert` zuwa `"Africa/Lagos"`, ko `"Africa/Niamey"` ga 'yan uwanmu na Nijar. In aka manta wannan, komai zai fito da jinkirin awa ɗaya, a ga zafin rana ya kai ƙololuwa a lokacin da ba nasa ba.

Sagir: Ni ina ganin duk wannan wahala ce. Jupyter ya riga yana da zagayen asyncio a ƙarƙashinsa, wato tsarin da ayyuka ke karɓa-karɓa a zare ɗaya. Ba sai an tayar da zare ba:

```
async def agogo():
    while True:
        await asyncio.to_thread(karanta)
        await asyncio.sleep(5)

aiki = asyncio.create_task(agogo())
```

`aiki.cancel()` ya tsayar da shi. A dai kula, kada a rubuta `asyncio.run`, zai ce ba ya yiwuwa a kira shi cikin zagayen da ya riga ya tashi. Kuma a riƙe `aiki` a cikin suna, don zagayen ba ya riƙe shi da ƙarfi, mai sharar ƙwaƙwalwa zai iya kwashe shi. `to_thread` daga Python 3.9 yake.

Injiniya Auwal: Sagir, gwada wannan: ka tayar da agogonka, sannan a wani sel ka rubuta `time.sleep(60)`, ko ka buɗe babban fayil da `read_csv`. Ka duba karatu nawa ya shigo a wannan minti. Zagayen asyncio a babban zare yake zaune, zaren da ke gudanar da sel. Muddin sel yana aiki bai ce `await` ba, agogonka yana tsaye. Yana bugawa ne a tsakanin sel da sel. Malama Bilkisu kuwa cewa ta yi tana son karatu ya ci gaba tana nazari. An gudu ba a tsira ba. Ga zamewar 5.3 ɗin nan ma ta dawo a naka.

Sagir: Na yarda da batun zamewa, ana gyara shi da lissafi irin naka. Amma in nazarin duk ƙanana ne, na rabin daƙiƙa, asyncio ya wadatar, kuma babu fargabar zare biyu su yi karo a kan abu ɗaya.

Injiniya Auwal: A wannan sharaɗin, e. Sai dai wa zai yi rantsuwa cewa ba zai taɓa danna sel mai nauyi ba?

Malam Habu: Bari in shigo, don kada a ɗauka zare ya warware komai. Python na yau da kullum yana da makulli guda da ake kira GIL. Zare ɗaya ne ke gudanar da kod ɗin Python a kowane lokaci. Mai jira yana neman a ba shi makullin bayan milisakan 5, za ku iya gani da `sys.getswitchinterval()`. In babban zare yana cikin madauki na Python tsantsa, ko `df.apply` da fankishan ɗin da kuka rubuta, zai riƙa saki, jinkirin ba zai wuce 'yan milisakan ba, wanda a tazarar daƙiƙa 5 ba a ma ganinsa. NumPy ma yana sakin makullin a yawancin lissafinsa masu nauyi.

Inda ake samun cikas shi ne kira guda da ya nutse cikin kod ɗin C bai saki makullin ba. Misali mai sauƙin gwadawa: `sorted` a kan jerin lambobi miliyan da yawa. Har ya gama babu zaren da zai motsa. Wannan shi ne irin riƙewar da Malama Hadiza ta yi wa tanadi. Don a san ko yana faruwa, a riƙa ajiye latti tare da kowane karatu, wato `time.monotonic() - gaba` a daidai lokacin farkawa. Bayan kwana ɗaya a duba mafi girmansa. In bai wuce rabin daƙiƙa ba, a bar tsarin yadda yake. Wanda ke kan Windows da Python da bai kai 3.13 ba kada ya damu in ya ga lambobin suna tafiya da tsallen milisakan 15.6, iyakar ganin agogon ke nan a can.

Nura: Ai na ji an cire GIL ɗin.

Malam Habu: A 3.13, wanda ya fito a Oktoban 2024, an fitar da wani gini na daban marar makullin, na gwaji. Wanda mutum ya saba saukewa yana nan da makullinsa. Kada a gina aikin rumbu a kan wannan.

In nazarin ne mai nauyi, shi za a kora waje da `ProcessPoolExecutor`. `submit` yana dawowa nan take da alkawari, a riƙa tambayarsa `done()`, in ya ce ya gama a karɓa da `result()`. Kiran `result()` tun bai gama ba zai riƙe sel, an koma gidan jiya. Tarkon da ke nan: a Windows da macOS sabon Python ake tayarwa fil, ba ya ganin fankishan ɗin da aka rubuta a cikin sel. Sai an sa shi a fayil, a ce `nazari.py`, a shigo da shi da `import`. Kuma duk teburin da aka miƙa sai an naɗe shi an kwafa zuwa can. In teburin babba ne kuma lissafin gajere, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Gara a miƙa sunan fayil, ya buɗe da kansa.

Bilkisu: Na gwada na Injiniya da gyaran Malama Hadiza, yana tafiya. Amma da na sake danna sel ɗin sai ga jan rubutu, wai an hana shiga COM3. Na danna maɓallin tsayarwa na Jupyter, bai canza komai ba.

Malama Hadiza: Tsohon zaren yana raye, shi ke riƙe da tashar, kuma Windows ba ya ba mutum biyu tasha ɗaya. Maɓallin tsayarwa babban zare kaɗai yake katsewa, na bayan fage bai san an yi ba. Abin da ya ƙara dagula lamarin, sake danna sel ɗin ya ƙirƙiri sabon `zare`, hannunki ya rabu da tsohon. Gwada `tsaya.set()` tukuna, sannan ki duba `threading.enumerate()` ki ga ko ya fita. In yana nan, sake tayar da kanel, wato Python ɗin da ke gudanar da littafin. Daga yanzu ki raba sel biyu. Na farko ya ƙunshi `layi` da `tsaya` da fankishan, a danna shi sau ɗaya. Na biyu:

```
def fara():
    global zare
    if zare is not None and zare.is_alive():
        tsaya.set()
        zare.join(timeout=5)
    tsaya.clear()
    zare = threading.Thread(target=mai_karatu, daemon=True)
    zare.start()
```

da `zare = None` a sel na farko. Ki kuma tabbata tagar Serial Monitor ta Arduino a rufe take, ita ma tana riƙe tasha, kuskuren kuma iri ɗaya ne.

A Linux abin ya fi haɗari, domin sau da yawa buɗewa ta biyu tana wucewa ba ƙorafi, sai zare biyu su riƙa wawason amsa ɗaya, layuka su zo a gutsure.

Malam Habu: Wani abin da ba a taɓo ba: mutuwar zare a ɓoye. Waya ta ɗan motsa, `readline` ya jefa `SerialException`, zaren ya faɗi. Saƙon zai fito a ƙarƙashin wani sel da wataƙila an wuce shi, littafin kuma ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Sai an zo zana jadawali a ga bayanai sun tsaya tun azahar. A naɗe abin da ke cikin madaukin da `try`, in kuskuren tasha ne a rubuta shi da `logging` zuwa fayil, a rufe, a jira daƙiƙa 5, a sake buɗewa. Kada a rubuta `except` tsirara da `pass`, wannan binne matsala ne.

Kuma `timeout=1` ɗin nan ba ado ba ne. In aka bar shi babu, `readline` zai jira har abada in Arduino ya yi shiru, `tsaya.set()` ma ba zai tashe shi ba. Da shi kuwa, bayan daƙiƙa ɗaya zai dawo da abin da ya samu, ko fanko ko rabin layi. Saboda haka kafin a juya zuwa lamba a duba layin ya ƙare da `\n`, kuma ya rabu gida biyu. DHT22 kan ba da `nan` in karatu ya faskara, a bar shi a haka a tebur, kada a mai da shi sifili.

Sagir: Jadawalin fa? Ana so ya riƙa sabunta kansa ko?

Bilkisu: Ƙwarai, shi ne tambayata ta gaba.

Malama Hadiza: Kada zaren karatu ya taɓa matplotlib, laburaren zana jadawali, ko kaɗan, ba a gina shi don zare da yawa ba. Da `%matplotlib inline` hoto ne sandararre, babu agogon da zai motsa shi. Sai an saka ipympl a rubuta `%matplotlib widget`, ko a buɗe taga ta daban da `%matplotlib qt`. Daga nan a yi amfani da agogon jadawalin kansa: `fig.canvas.new_timer(interval=2000)`, a ba shi fankishan da `add_callback`, a kira `start()`. Lura, shi da milisakan yake ƙirga. Fankishan ɗin ya kira `kwashe()`, ya sabunta layin da ke akwai da `set_data`, sai `relim`, `autoscale_view` da `draw_idle`. In aka riƙa kiran `plot` kowane karo, layuka za su taru dubbai, jadawalin ya yi ta nauyi har ya tsaya. A ajiye agogon a cikin suna, in ba haka ba zai ɓace. A kuma nuna awa ɗaya ta ƙarshe kawai da `deque(maxlen=720)`.

Wannan agogon a babban zare yake, don haka in sel mai nauyi yana aiki jadawalin zai daskare. Ba komai, karatun yana taruwa a layi, da sel ya gama zai kwashe duka.

Injiniya Auwal: Ga masu MATLAB da ke bin zancen: abin da muka gina da hannu shi ne `fixedRate` a `ExecutionMode` na `timer`, hanyar farko ta barci bayan aiki ita ce `fixedSpacing`, gyaran Malama Hadiza kuma ya yi kama da `BusyMode` a kan `drop`.

Malam Habu: Malama Bilkisu, kwana nawa za a yi ana wannan karatu?

Bilkisu: Daga girbi har zuwa bazara, wata biyar ko shida.

Malam Habu: To ai da an faɗi haka tun farko. Duk abin da aka tsara a sama na zaman awa biyu ko uku ne. Na wata shida, a fitar da karatun daga Jupyter gaba ɗaya. Kanel ɗin da ake nazari da shi ana sake tayar da shi sau da yawa a rana, kuma kowane karo zaren zai mutu, abin da ke cikin layi ya tafi da shi. Zaren `daemon` ba a ba shi damar rufe fayil ma. A ɗauki madaukin nan a sa shi a `tattara.py`, a gudanar da shi a tagarsa. A nan ba a buƙatar zare ko layi. Kowane karatu a rubuta shi a CSV da aka buɗe da `"a"`, a kira `flush()` sannan `os.fsync(f.fileno())`, don in an ɗauke wuta layi ɗaya kaɗai za a rasa. Kowace rana da fayil ɗinta, layi 17,280, bai kai megabait ɗaya ba. Littafin Jupyter ya riƙa buɗe fayilolin yana karantawa kawai. GIL ya fita daga zancen, tunda kowa da nasa Python ɗin.

A kashe barcin kwamfutar a saitin wuta, har da na rufe murfi, da kuma saitin da ke kashe tashar USB don tattalin batir. A sa Task Scheduler na Windows, ko systemd a Linux, ya tayar da fayil ɗin da kansa in kwamfuta ta kunnu.

Sagir: SQLite bai fi CSV ba a nan?

Malam Habu: Ya fi in za a riƙa tambayar wani yanki na lokaci. A kunna `PRAGMA journal_mode=WAL` don mai karantawa kada ya tare mai rubutawa, a yi `commit` bayan kowane layi. CSV ma ya isa, sai dai littafin zai iya tarar da layin ƙarshe rabi in ya buɗe ana cikin rubutu, don haka a riƙa yar da layin ƙarshe na fayil ɗin ranar.

Malama Hadiza: Kuma ga hatsi daƙiƙa 5 ta yi yawa, zafin rumbu ba ya sauyawa da wannan saurin. A mai da `TAZARA` 60, ko a bar ta a 5 a riƙa `resample("1min").mean()` wajen nazari. In za a yi na biyun, a haɗa da `count()` don a ga mintunan da karatunsu bai cika 12 ba.

Bilkisu: Allah ya saka da alheri. Zan bar ta a 5 na mako guda in ga yawan `nan` da latti, sannan in koma 60. Malam Habu, in Windows ya canza lambar tashar daga COM3 bayan an cire waya an mayar fa?

Malam Habu: Kada ki rubuta lambar da hannu. `serial.tools.list_ports.comports()` yana ba da jerin tashoshi, kowace da `vid` da `pid`. Ki buga su sau ɗaya ki ga na allonki, domin allunan da ke da guntun CH340 lambarsu daban da ta Uno na asali. Sai ki sa neman tashar a cikin ɓangaren da ke sake buɗewa bayan kuskure, ya riƙa nemo ta da waɗannan lambobin kowane karo.